Jirage Sun Koma Tasha, In Ji Kwamfuta

Wani ne ya yi ritaya daga ofishin jiragen ƙasa bayan shekara talatin da ɗaya. Kar ku ɗauka direba ne. Ko burki bai taɓa ja ba. Aikinsa rajista: jirgi kaza ya tashi ƙarfe kaza, ya iso ƙarfe kaza. Tagar ofishinsa ma ba ta kallon layin dogo, bangon sito take kallo. Da safe a kawo masa jadawali, ya kwafe shi tsaf cikin rajista, ya buga hatimi. Jirgi ya kwana a hanya da fasinjoji, amma a littafinsa ya iso tun jiya ƙarfe huɗu da kwata. In ka yi masa magana sai ya ɗaga biro ya ce, "Abin da ke rubuce shi ne ya faru."

To, da ya dawo gida sai zaman ya ishe shi. Ya je ya kwaso jiragen wasa, irin na lantarkin nan masu gudu a kan siririn layi. Guda uku: ja, kore, da wani baƙi na kaya mai tarago shida. Ya haɗo da tasha, da gada, da dutsen kwali mai rami a ciki, har da 'yan mutanen roba da ke tsaye suna jira. Ya sa kafinta ya buga masa tebur da ya cinye ɗakin gaba kaf.

Ɗakin nan kuwa shekara takwas yana yi wa matarsa alkawarinsa. Ita tela ce. Kekenta na wani lungu tsakanin kicin da banɗaki. In za ta auna mace mai jiki, sai an buɗe ƙofar banɗaki kafin hannu ya samu wurin miƙewa.

Ta tsaya a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya.

"Maigida, ɗakin nan fa nawa ne ka ce."

"Na ce. An rubuta?"



"Ki ba ni wata uku," in ji shi. "Darakta, tsohon ogana, zai zo ya gani. Yana gani zai mayar da ɗakin nan cibiyar horar da ma'aikata. A kafa allon suna a ƙofar gida. Ni shugaba."

"In bai ce yana son ɗakin ba fa?"

"Ki ɗauka."

"To wannan karon a rubuta."

Ai kuwa ya ji daɗi. Ya zauna ya rubuta da lamba da kwanan wata, ya ɗauko hatimin da ya taho da shi daga ofis ya buga. Ta ninke takardar ta jefa a durowar keke.

Sai ya kira mai gyaran kwamfuta na bakin titi ya haɗa masa teburin da kwamfuta. Yana ce masa Injiniya, amma irin kiran nan da ba girmamawa a ciki. Injiniya ya yini yana jan waya, ya sa manhaja, ya zana layin a allo, ya rubuta jerin umarni. Sannan ya ce:

"Baba, ka saurara da kyau. Umarnin nan shi ke tuƙa jiragen. Ja ya tashi. Bayan daƙiƙa goma kore ya bi. A karkata layi, baƙi ya shiga rami. Amma manhajar ba ta da ido. Ba ka sayo na'urorin da za su gaya mata inda jirgi yake ba. Daga inda ta san sun fara take lissafi, shi ke nan."

"To ina matsalar? Ni ma haka na yi aiki."

Injiniya ya haɗiye dariya.

"Ga madannai biyu. Wannan Ajiye. In ka jera jiragen a tasha, a tebur da a allo, sai ka danna shi, ta riƙe cewa nan ne mafari. Na riga na yi maka, kar ka ƙara taɓa shi. Wannan kuma Mayar. In an gama zagaye ka danna, jiragen su koma mafari."

"Madalla."

"Na cikin allo fa, Baba. Na kan tebur kai za ka ɗauke su da hannu ka mayar."

"Da hannu? Jirgi? A ina ka taɓa ganin an ɗauki jirgi da hannu?"

"Baba, tsawonsa bai kai buroshin haƙori ba."

"Injiniya, lokacin da na fara aikin jirgi ko tafiya ba ka fara ba. Je ka, na gode."

Zagayen farko ya yi kyau, ba ƙarya. Ja ya tashi, kore ya bi, baƙi ya ja taragunsa yana ƙiriri-ƙiriri. Aka gama. Ja ya tsaya a kan gada, kore a ƙaramar tasha ta can ƙarshen tebur, baƙi ya cusa kai a rami wutsiya a waje. Mutumin naku ya danna Mayar. Ƙyas! A allo jirage uku suka jeru a babbar tasha kamar sojoji. Baki har kunne, ya ƙwala wa matar kira.

Ta shigo da shayinsa ta ajiye a gefen tebur.

"Zo ki ga ilimi. Duk sun koma tasha."

"Su wa?"

"Jiragen mana."

"Ga ja can a kan gada."

"Yana tasha. Layi na ɗaya."

"Maigida, ga shi ina kallonsa. A kan gada."

"Matsalarki ke nan. Ki daina kallon tebur, ki kalli allo."

Ya danna Fara.

Manhaja dai ta san ja yana tasha, gabansa miƙaƙƙen layi, sai ta ba shi wuta gaba ɗaya. Shi kuwa yana kan gada, gabansa kwana. Baƙi aka ce ya ja da baya ya ɗauki kaya, ya fito daga rami da baya daidai lokacin da kore ya shigo mararraba. Kau! Taragu suka watse. Ja ya bar layi a kwana, ya tashi sama, ya kwashe mutanen roba huɗu, ya faɗa cikin kofin shayi da kai.

A allo kuwa kowa na tafiyarsa lafiya lau.

Matar ta sa yatsa biyu ta tsamo ja, shayi na ɗiga.

"Wannan fa?"

Ya dubi allo, ya dubi agogo.

"Ja yana gab da shiga ƙaramar tasha. Saura daƙiƙa shida."

"Wannan da ke hannuna fa?"

"Jita-jita ce."

Wallahi haka ya ce. Ku bar dariya, ba a zo wurin ba tukuna.

Ya tsayar da zagayen a tsakiya, ya ce dole a kafa kwamitin bincike, a gano dalilin da ya sa tebur ya ƙi bin umarnin kwamfuta. Shi shugaba, shi sakatare. Ya ce matar ta zama mamba, ta ce tana da rigar mutane a keke. Ya rubuta ta a cikin waɗanda suka ba da uzuri. Kwamiti ya zauna awa biyu, ya sha wani sabon shayi, ya gano cewa laifin na direban ja ne, wani ɗan roba mai hula da ke manne a taga. An same shi a cikin kofi alhali rekod ya nuna yana kan layi, wato ya bar wurin aiki ba izini. Aka rubuta masa takardar tuhuma, aka ba shi awa ashirin da huɗu ya amsa. Bai amsa ba. Aka ɓamɓare shi da wuƙar biredi, aka dakatar da shi, aka kulle shi a gwangwanin allurar matar.

To, a tsarin ofis duk zaman da aka yi sai an ajiye rekod. Ya dubi allo, ga jirage nan tsaye a tsakiyar hanya inda ya katse su. Ya dubi madannin da aka ce kar ya taɓa. Ya ce a ransa, wane ne Injiniya da zai hana ma'aikaci ajiye rekod? Ya danna Ajiye.

Washegari da safe ya danna Mayar. Jirage ba su koma tasha ba. Ja a tsakiyar hanya, kore a kwana, baƙi rabi a rami. Ya sake dannawa. Nan dai. Ya danna sau tara. Gumi ya karyo masa. Mutumin da jirgi ya faɗa masa a shayi ko a jikinsa, yau ga shi ya rarumi waya a gigice.

"Injiniya! Jirage sun ɓace daga tasha!"

"A tebur?"

"Wa ke maganar tebur? A allo!"

"Baba, me ka danna?"

"Abin da doka ta ce."

"Ka danna Ajiye."

"An yi zama. Dole a ajiye."

"Ai ka goge mafarin ke nan. Yanzu a wurinta tsakiyar hanya ce tasha."

Injiniya ya zo yana tsaki ƙasa-ƙasa. Ya busar da ja da na'urar busar da gashi ta matar, ya miƙe layin da ya lanƙwashe, ya jera jirage uku a tasha da hannunsa. Mutumin ya kau da kai, wai ba zai zama shaida ba. Injiniya ya ja na allo ma ya jera su, ya kai hannu zai danna Ajiye.

"Tsaya! Za ka goge rekod ɗin jiya?"

"Eh."

"Ba sa hannun na sama? Bari in ɗauko fom."

Yana shiga ciki neman fom Injiniya ya danna abinsa. Ya yanko filasta ya liƙa a kan allon, daidai kan madannin. Sannan ya ce wa matar:

"Mama, don Allah ki ɗauki hoton teburin nan da wayarki yadda yake yanzu. Duk sanda aka danna Mayar, a dubi hoton a jera su haka. Ja layi na ɗaya, kore na biyu, baƙi na uku. Shi ke nan fa maganar, ba wani abu."

Ta ja da baya har bango, ta ɗauki ɗakin gaba ɗaya: tebur, tasha, gada, dutse, labule, komai tsaf.

Daga ranar ita ke jera masa su. In ya danna Mayar sai ya fita shan iska, ta shigo ta dubi hoto ta mayar da kowa wurinsa, don ta gaji da tsamo jirgi daga abin sha. Ya dawo ya tarar da su a tasha ya ce, "Kin gani? Tebur ya fara ladabi. Dakatarwar nan ta yi aiki."

Ranar zuwan Darakta ta zo. Takarda ta ce ƙarfe goma na safe. Mutumin ya sa kwat ɗin da ya yi ritaya da ita, ya ɗaura nakatai a wuya, ya zauna. Goma ta wuce. Sha ɗaya. Sha biyu.

"Baƙon naka bai zo ba," in ji matar.

"Ya zo tun ƙarfe goma. Jikinsa ne bai ƙaraso ba."

Wajen ƙarfe ɗaya zaman ya dame shi, ya ce bari ya gwada sau ɗaya. Zagaye ya tafi sumul. Ja ya tsaya kan gada, kore can ƙarshe, baƙi kai a rami. Sai ga ƙahon mota a ƙofar gida.

Ya zabura ya danna Mayar. Ƙyas, allo ya yi kyau.

Matar nan fa ɗakin take so, amma ba ta son mijinta ya ji kunya a gaban mutane. Ta shigo da sauri da waya a hannu.

"Matsa in jera maka su. Minti ɗaya."

"Ki jera me?"

"Maigida, ni nake jera su kullum. Ni ce ladabin teburin."

"Kul! Darakta ya shigo ya tarar ana ɗaukar jirage da hannu kamar 'yan tsaki? Ki je ki kawo lemo."

"Na roƙe ka."

"Lemo!"

Darakta ya shigo, ƙaton mutum, sakatarensa na biye da fayil. Mutumin ya rusuna har nakatai na share ƙasa.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Ƙarfe goma daidai."

"Haka ne," in ji Darakta. Sakatare ya rubuta.

Aka ba shi kujera. Kujerar kuwa allo take fuskanta, tebur na bayansa. Bai juya ba, bai kuma tambayi ko akwai wani abu a bayansa ba. Mutumin ya gyara murya ya danna Fara.

Abin da ya faru a bayan Darakta, ni dai ban taɓa jin irinsa ba. Ja, wanda yanzu ko direba ba shi da shi, ya sake barin gada, ya doki dutsen kwali, dutse ya kife kan kore. Baƙi ya fito da baya ya tura tarago uku ƙasa. Ɗaya ya gangara ya daki takalmin Darakta. Wani wari na waya mai ƙuna ya fara tashi. Matar na bakin ƙofa da tiren lemo, ta rufe ido.

"Wannan ƙarar fa?" in ji Darakta, idonsa na kan allo.

"Ba ta cikin jadawali, ranka ya daɗe."

"To babu ita."

Ya sa ƙafa ya ture taragon gefe. A allo ja ya shiga ƙaramar tasha, daƙiƙa ko ɗaya bai ƙara ba. Kore ya bi. Baƙi ya sauke kaya. Rubutu ya fito kore shar: kowa ya iso kan lokaci.

Darakta ya tuɓe tabarau ya goge ido.

"Shekara nawa ina neman wannan. Kuma in an gama?"

"Sai a danna Mayar, ranka ya daɗe. Kowa ya koma inda ya fara, kamar ba a yi komai ba."

"Kamar ba a yi komai ba?"

"Ko alama."

"Sakatare, rubuta. Wannan za mu haɗa da babban talabijin na zauren jira. Fasinjoji sun dame mu wai jirgi ba ya zuwa. Yanzu su zauna su gan shi yana zuwa, sau ashirin a rana in suna so."

Mutumin ya kusa kuka don daɗi. Matar ta ajiye lemo, ta ɗan rusuna.

"Yallaɓai, a gafarce ni. Ɗakin fa? Da teburin? Kuna buƙatarsu?"

"Wane tebur?"

"Wanda ke bayanka."

"A'a, uwargida. Mu ba ma aiki da abin da ke bayanmu. Kwamfutar kawai za mu ɗauka."

"Sakatare, don Allah rubuta wannan ma," in ji ta. Ya rubuta.

Mutumin bai ji ko ɗaya ba, yana can yana naɗe waya. Ya rungumi kwamfuta ya bi su mota, wai shi zai nuna musu yadda ake dannawa. Yana fita yana ce mata, "Kar a taɓa komai! Akwai zaman kwamiti in na dawo."

Motar ba ta sha kwana ba matar ta kira kafinta.

La'asar sakaliya ya dawo a ƙafa, don motar da aka rubuta za ta dawo da shi ta dawo da shi a takarda. Yana fito da baki don murna ya tura ƙofar ɗakin gaba.

Ba tebur. Ba tasha, ba gada, ba dutse. Keken ɗinki a gindin taga, madubi dogo a bango, yadudduka jere a kanta. Wata mata mai jiki ta buɗe hannuwa biyu sosai ana auna ta, ba abin da ta taɓa. Ɗan direban roba na tsaye a kan keke, an rataya masa zare a wuya.

"Innalillahi! Me zan gani? Ina jiragena?"

Matar ta cire fil daga baki.

"Suna nan."

"Suna ina?"

"Ja layi na ɗaya, kore na biyu, baƙi na uku."

"Ke! Ina tebur? Ina gada? Ɗakin nan ba komai sai tsumma!"

Ta ɗauko waya, ta buɗe hoton, ta kai masa dab da hanci.

"Matsalarka ke nan, Maigida. Ka daina kallon ɗaki, ka kalli allo."